Gidan Takarda, Garwa

Bututun hayaƙin yana nan, ya ɗan karkace.
Jan bulo ne da aka toya a bakin Binuwai
tun Babanmu bai fara gemu ba.
Bana shamuwa ta yi sheƙa a bakinsa.
Harafi uku suka saura a goshin ginin,
sauran ruwan sama ya karance su.

Nan ake jiƙa tsumma da tarkacen auduga,
a dama a kwatarniyar ƙarfe har su zama koko.
Inji ya shimfiɗa, ya matse, ya busar,
fari ya fito ta wancan ƙarshen yana tururi.
Warin kuwa, tambayi matan da ke shanya a bayan katanga.

Babanmu, Tanimu ɗan Barau, mai ƙirga ne.
Ɗari biyar, ɗauri ɗaya.
Ya lashi babban yatsa, leɓe na motsi,
ko sallama ka yi, sai ya cika ɗari zai amsa.
Shekara ashirin da shida yana ƙirga farin shafi,
bai taɓa karanta baƙin boko ko ɗaya ba.
Hannunsa duk ƙananan yanka.
Yakan ce takarda ba ta da haƙori, amma tana cizo.

Jonga, dogon Batufuri, shi ke ciyar da wuta.
Hamajoda na kan wuƙa, da yatsunsa tara.
In jiniya ta yi kuka da azahar
su ukun kwano ɗaya,
Fulatanci a baki, kuɓewa a hannu.
Ƙarshen wata Musye Arno ya buɗe tagar bene,
ya kira suna yana karya shi biyu,
kowa ya dangwala, ya karɓi sefa.

Gutsattsarin da wuƙa ta zubar Baba ke kawo mana.
Inna ta ɗinke su da zaren kaɗi.
A kansu na koyi rubuta sunana,
a kansu na fara yi wa malami ƙarya.

Sai takardar jirgin ruwa ta iso daga Duwala,
ta fi tamu haske, ta fi ta araha.
Sai wani haƙorin inji ya karye,
aka ce sabo yana hanya daga Turai.
Damina biyu yana hanya.
Wata Litinin jiniya ta yi shiru.
Albashin wata uku ya bi Musye Arno gida.
Baba bai daina sammako ba,
sai ya zauna a dakalin ƙofa, yatsansa na motsi a kan gwiwa.

Yanzu albasa ce ke kwana a babban zauren.
Jemage sun gaji rufin.
Injin, 'yan gwangwan sun auna shi a kilo,
sun bar ƙusa huɗu a daɓe
da yara ke tuntuɓe da su in suna ƙwallo.

Daren jiya na sayi tsire wurin Ilu.
Na kwance ƙunshin a gida, sai ga layuka,
shuɗin tawada, jerin sunaye, watan Mayu.
Na bakwai: Tanimou Baraou.
A gabansa zanen yatsa,
mai ya ratsa shi, yaji ya manne a gefe.

Na koma ban ko ɗaura takalmi daidai ba.
Ilu ya ce buhu guda ya saya wurin maigadi,
ya kusa ƙarewa, Hajiya, ciniki ya yi kyau bana.
Na biya shi kuɗin nama a kan abin da ya rage.

Na ɗora yatsana a kan na Baba.
Nasa ya fi faɗi.
Sai na jawo fitila, na lashi yatsa, na fara.
Ɗiyata ta yi sallama a ƙofa.
Ina tamanin da huɗu.
Ta jira.