Ƙugiyar Nomau

Kwana uku ina rubuta wa kawu manhajar awo.
Na buɗe ƙofa ɗaya don aya,
na kwafe ta, na sake mata suna, ta zama ta wake,
na kuma kwafewa don riɗi.
Layi arba'in, arba'in, arba'in,
kamar ƴan uku da aka yi wa aski rana ɗaya.
In na kashe kuskure a ta farko
sai in iske shi kwance a sauran biyun, yana miƙa.
Sai ga tarhon kawu: "Cima, ƙara da zoɓo."
Kafin in amsa, kuran ya tahi.

Na hau kabu-kabu daga Zariya har kasuwa
don kawai in yi fushi a gabansa.
Ban same shi ba.
Na sami Nomau mai sikeli a bakin sito,
itace uku sun haɗa kai sama,
ƙugiya ɗaya tana lilo,
gilashin agogon ya tsage tun ban shiga lakwal ba.

Na zauna kan buhun wani.
Aya daga Gazawa ta hau, allura ta yi rawa, ta tsaya.
Wake ya hau.
Daurin fatu masu wari ya hau.
Wani Bafillace ya kawo tunkiya,
aka ɗaura mata majanyi a ciki, ta hau tana zagin kowa.
Nomau bai canza ƙugiya ba,
bai ma ajiye goron da ke kuncinsa ba.

Sai wata mata da man gyaɗa a buɗaɗɗiyar roba.
Ya girgiza kai: "Juye a jarka mai hannu."
Ta yi mita. Ta juye. Ya hau.

Na ce, Baba, ba ka tambayar abin da ke ciki?
Ya ce, "Mi ya dame ni da ciki, ɗiyata?
Shi zo da marataya, shi ke nan sharaɗin.
Amma kula,
abin da ya hau shi ka sauka.
Aya ta hau, aya ta sauka da sunanta.
Ban maishe ta kaya kawai ba,
in bar mai ita tana laluben buhu."
Ya tofar da jan yawu, ya kira na gaba.

Kuran ya dawo bayan lisha.
Na share layi tamanin,
hannuna na rawa kamar mai yanke kitson kanta.
Na rubuta alkawari guntu:
duk mai son wucewa ta nan, ya iya faɗin nauyinsa.
A gurbin suna kuma na bar harafi ɗaya
tsakanin kibiyoyi biyu,
tabarmar baƙo,
wanda ya zo ya zauna, ya tashi da rigarsa.

Na turo aya. Ta wuce.
Wake, riɗi, zoɓon da ya ɓata mini rana.
Na ƙirƙiri tunkiya don nishaɗi, ita ma ta wuce,
ta fito tunkiya.
Na yi guɗa a hankali don kada in tashi Inna.

Can wajen ƙarfe ɗaya, ido ya yi nauyi,
na jawo littafin bashin kawu,
jikka ɗari biyu da ke wuyan wani tun kakar bara,
wanda ya hana su gaisawa a masallaci,
na tura shi ta ƙofar.
Na'ura ta ja jan layi tun ban danna komai ba.

Na daɗe ina kallon layin.
Nauyi kam akwai shi, na ga yadda kafaɗar kawu ta karkace.
Marataya ce babu.

Na rubuta a gefe: wannan wata ƙofar ce, sai gobe.
Fanka na juyawa.
Sauro ɗaya ya sauka kan harafin.