Fadama a Tsohon Baho

Ran da tifa ta fara juye jar ƙasa
a fadamar bayan Rafin Guza,
na tuɓe takalmi, na shiga da bokiti.
Mai awon fili ya ce, "Baba, kifi kake nema?"
Na ce a'a, maƙwabta nake kwashewa.

Na ciro bado da saiwarsa mai sanyi,
zazargiwa uku, ɗaya ta soke ni a yatsa,
duman rafi kuwa bai jira gayya ba,
ya kanannaɗe hannun bokitin ya biyo ni.

A gida, Ladidi ta kama haɓa:
"Shekara talatin kana buga fure a atamfa a Kakuri,
masaƙa ta mutu,
yanzu ciyawa za ka yi wa hidima?"
Duk da haka ita ta ba ni tsohon bahonta
mai tsaga a baki.
Na aje shi inda famfo ke ɗiga,
inda ruwan alwala ke taruwa ya rasa mafita.

Shekari ya leƙo ta katanga:
"Sauro kake kiwo mana?"
Washegari ya miƙo gwangwani
da 'yan karfasa biyar a ciki,
ya ce su za su yi gadi.

Wata biyu, shiru.
Laka, wari kaɗan, gorin yara.
Kabewata na ta zubar da fure
kamar yadda ta yi bara da bara waccan,
ba wanda ya zo ɗaukar mata saƙo.

Sai wata Laraba, bayan ruwan asuba,
bado ya buɗe farin ido.
Kafin shayina ya huce
ga ƙudar zuma ɗaya, ƙafafunta rawaya,
kamar ta tako garin kurkur.
Ta shiga, ta fita, ta tafi ba sallama.
Da hantsi ta dawo da danginta.
Malam-buɗe-littafi ya sauka kan zazargiwa,
ya buɗe, ya rufe, bai karanta wa kowa ba.

Yanzu can fadamar gidan mai ne,
kwaɗi sun yi ƙaura ko sun mutu, ban sani ba.
Abin da ya rage mini bai fi tabarma faɗi ba.

Amma jiya Ladidi ta ɗaga ganyen kabewa
ta yi shiru,
sannan ta kira ni da sunan da ta daɗe ba ta kira ba.
'Ya'ya huɗu, kore, kamar dunƙulen jariri.

Ɗaya na Shekari ne.