Tagar Kanti a Porto, Ƙarfe Uku na Dare

Ƙarfe tara Amílcar ya sauke ƙofar ƙarfe,
ya miƙa wa Graciete makulli, ya ce:
"Ki zuba komai. Kwat, huluna, safa, lema,
duk abin da na biya wa haraji a gan shi."
Ta ce to.
To ɗin nan bai wuce leɓe ba.

Ta tuɓe takalmi a bakin taga
kamar mai shiga ɗakin da jariri ke barci,
allurai bakwai a baki, almakashi a aljihu,
ta kwashe kayan bazara tas
har gilashin ya yi hamma.

Shekara ashirin da biyu tana wannan aiki,
abu ɗaya ta riƙe:
ido baƙo ne mai sauri,
taku uku yake ba ka a kan titi,
in ka cika shi da surutu, ya wuce.
Don haka kwat ɗaya,
mai launin ɓawon burodin da ya ɗan ji wuta,
takalmi ƙafa biyu, ɗaya ya riga ɗaya,
sai fili. Fili mai yawa.
Filin ne mai kanti ba ya son biya,
shi ne kuwa ke sayar da kaya.

Ta ɗauko mutum-mutumin daga bayan labule,
Dona Zulmira take kiranta,
mai karyayyen ɗan yatsa tun ranar da ta faɗo daga bene.
Ta sa mata kwat, ta tsuke bayan da allura goma sha ɗaya,
ta cusa takarda a kafaɗa,
ta ɗaure gyalen wuya da zaren kamun kifi
ya tashi sama, kamar iskar Douro ce ta ɗaga shi.
Gaba sarauniya, baya duk ƙulli da salatif.
Wa ya taɓa zagayawa bayan taga?

Fitila ta fi komai gardama.
Ta karkata ta hagu, fuska ta mutu.
Ta karkata ta dama, maɓallai suka yi ihu.
Sau shida tana hawa tsani
kafin haske ya kwanta a kan ƙirji,
daidai inda idon mai tafiya yake sauka.

Sannan ta fita cikin yayyafi da safa kawai,
ta tsallaka titi, ta juyo
don ta ga aikinta da idon wanda bai san ta ba.

Can ta tarar da Baltasar mai shara,
ya jingina da tsintsiya, yana kallo.
Ya daɗe. Tsuntsun teku ya yi kuka a kan rufi.
Ya ce: "Matar nan ƙarya take yi.
Wanda sanyi ya kama ba ya buɗe tafin hannu."

Graciete ta yi shiru, ruwa na bin wuyanta.
Ta koma ciki,
ta lanƙwasa hannun Zulmira, ta tura shi aljihu.
Karyayyen yatsa ya ɓuya.
Kafaɗa ta ɗan tattaru,
sai ga mace tana jiran mota a watan Nuwamba.
Baltasar ya ɗaga tsintsiya sau ɗaya, ya ci gaba da shara.

Da safe Amílcar ya tsaya, ya riƙe ƙugu:
"Ina hulunan? Ina lemar?"
Bai rufe baki ba wata ta turo ƙofa,
jakarta na ɗigar ruwa,
ta nuna taga da haɓa, ta ce wancan, shi ɗin dai.

Kafin azahar Zulmira na tsaye cikin takardar naɗi,
hannunta a lanƙwashe, yana neman aljihun da babu.
Graciete kuwa tana barci a hawa na huɗu,
allura ɗaya maƙale a hannun rigarta.