Gurbin Suna

Ran Talata sammaci ya iske ni a Tudun Wada,
ina ɗaure tsirkiyar gurmi, ko koko ban sha ba.
Masinja ya ce, "Ilu, dangwala nan,
Alhaji Sallau ya yi ƙarar waƙarka ta jiya."

Ba ta jiya ba ce, ta bara ce,
wadda na ce mudunsa na Sabon Gari lotsattsen gindi gare shi,
ka biya kuɗin tiya, ka kai gida rabin tiya.

Lauya Rakiya, a saman bene a Kwangila,
ta saurari waƙar sau biyu, ta danne dariya.
Ta ce, "Kana da shaidu?"
Na ce, duk matan Agoro.
"Wa za ta tsaya gaban alƙali?"
Na lissafa su da yatsu, har na rasa ko ɗaya.

Ta ce, "Suna riga ne, mai shi ya san kuɗinta,
in ka yaga, kai za ka biya.
Mudun nan, ka auna shi da hannunka?"
Na ce, tukunyar gidana ta auna.
Ta ce, "Tukunya ba ta rantsuwa, ko tana da gaskiya."

To, Kubanni fa? Na kira ta ƙazama,
na ce kwatar Ƙofar Doka ta fi ƙarfin tsintsiya.
Ta ce, "Kogi ba ya ɗaukar lauya.
Amma rumfa ta uku daga famfo, hannun dama,
wannan ba wuri ba ne, mutum ka nuna da sanda a hanya."

Aka yi sulhu a barandar kotu.
Na ba da haƙuri, na biya kuɗin mota,
na yi alkawarin cire sunan, Sallau yana gyara babbar riga,
ni ina haɗiye abin da ya tsaya min a wuya.

Yanzu in na zo baitin sai in ɗauke murya,
gurmi ya yi bugu biyu shi kaɗai.
Ran Asabar, a wani suna a Tukur-Tukur,
na yi shirun nan,
yara suka cike gurbin baki ɗaya.

Ban ce komai ba, Allah shaida.
Sai dai na ji an ce an ga sabon mudu a rumfa ta uku.
Wace rumfa? Ban sani ba.
Rumfuna da yawa a Zariya.