Tsakanin Gado da Gado

Ƙarfe biyun dare a sashen gaggawa,
zafin bazara bai ji labarin faɗuwar rana ba.
Fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi,
famfon kusurwa tun la'asar yake tari,
ko ɗigo bai tofar ba.

Sai ga motar albasa daga hanyar Kware
ta yi karo da 'yan kabu-kabu.
Mutum uku aka shigo da su,
warin albasa da ƙarnin jini a riga ɗaya.

Na ci jarrabawa, wallahi na ci.
Lokutan wanke hannu biyar ne,
na haddace su kamar salloli.
Ga takardar can manne a bango, gefenta ya naɗe,
amma takarda ba ta ɗebo ruwa.
Safar hannu uku suka rage a kwali,
uku, kamar mai hannu ɗaya da rabi aka aje wa.

Arzika na gado na biyu, ƙauri a buɗe,
yana kiran innarsa da ƙaramar murya.
Hannuna ya riga tunanina tafiya,
ɗauke da jinin gado na ɗaya.
Sista Tumba ta cafke wuyan hannun:
"Ke ɗiyata, ina za ki?
Za ki kai mishi abin da bai zaka da shi ba?"

Ta jawo jarkar da ta saya da kuɗinta
wurin ɗan garuwa a bakin ƙofa,
da guntun sabulu, siriri kamar farce.
Tana zubawa, ina cuɗawa:
tafi, baya, tsakanin yatsu,
babban yatsa da kowa ke mantawa.
Yayansa ya leƙo ta taga yana huci:
"Mutum na mutuwa, ita tana alwala!"
Ban tanka ba.
Ban taɓa sanin daƙiƙa na da nauyi haka ba.

Muka ɗinke. Allura ta faɗa kwalinta
ba tare da na mayar mata da hula ba.
Takunkumi ya jiƙe sharkaf a fuskata,
na bar shi a inda yake.

Kwana tara Arzika ya tashi da sanda,
rauni ya kame, ba ruwa, ba wari.
Ya yi wa likita godiya har da durƙuso,
ya wuce ni ina naɗe bandeji.
Ban ji haushi sosai ba.
Wa ke zuwa barka don cutar da ba ta zo ba?

Da hantsi nakan isa gida a Mabera,
Luba ta sheƙo da gudu, hannu a buɗe.
Sai in ɗaga nawa sama, in ce tsaya tukuna.
Ita ta ɗauka wasa ne,
takan tsaya cak, tana dariya,
tana ƙirga mini yatsu a bakin buta.