Ƙullin Bakin Zane

Liyatu, jiya na kwance ƙullin bakin zanenki
ina zaton canjin cefane ne.
Guntayen alli uku na tarar,
da maɓallin rigar wani yaro,
ban san ɗan wane gida ba ne.

Shekara talatin da ɗaya a lakwal ɗin Mirya,
ajin farko, ajin masu majina,
wanda kowane mushe ke kauce wa.
Ke kika ce wa direkta a bar miki shi.
Rumfar kara ce, damina na kayar da ita,
ki tara iyaye a sake kafawa.
Yara tamanin, allo ɗaya mai tsaga a tsakiya.

Ba zan ce ba ki da faɗa ba,
makwabta na nan da ransu.
Tuwo nawa ya kama a tukunya
kina duƙe kan kaye da jan bik?
Na ci ƙanzo har na saba,
yanzu Keziya na tuƙa mini mai laushi
ina jin kamar an manta wani abu.

Ranar Lahadi kasuwa ke ci.
Gari na gangarawa da tukwane da rake,
mu kuwa mu sha bakwai a majami'ar laka
kina ja mana waƙa.
Muryarki ba ta da zaƙi, kin sani,
amma in kika yi shiru sai kowa ya ɓata hanya.

Shekarar da albashi ya yi wata biyar bai zo ba
na ce ki zauna, na ce gwamnati ta yar da ku.
Kika ce, “Barnaba, ba yaran suka ci kuɗina ba.”
Kika soya ƙosai da asuba,
kika tafi aji kina warin mai.

Da azumi kikan maida lissafi farkon safiya
tun bakin yaran bai bushe ba.
Da Kirsimeti Malam Tanimun ke yanka mana zabi
don kwano ya shiga kowane gida.
Na taɓa tambayarki dalili,
kika ce in miƙo murfi.

Timoti na da shekara huɗu kyanda ta ɗauke shi.
Kwana tara kika koma aji.
An ce mini kin kira sunaye har ƙarshe,
sai kika tsaya riƙe da littafin
kamar akwai sauran wanda bai amsa ba.
Da dare na ji ki kina gardama da Ubangiji
a hankali, kada in farka.
Ban yi barci ba, Liyatu.

A babban asibitin Damagaram
yarinyar da ta sa miki ruwa ta duƙa ta ce,
“Madam, ke kika koya mini riƙon bik.”
Kika dubi yatsunta kan allurar
kika ce har yanzu tana matsewa da yawa.

Ranar da muka kai ki
majami'a ba ta ɗauke mu ba.
Masu hula da carbi suka cika inuwar bedi,
su suka karɓe diga daga hannun Natanayel.
Wani direban tifa, ƙato, ya tsaya gaban gicciyen
yana karanta sunanki gaɓa-gaɓa,
yana bi da yatsa, yadda kika nuna masa.

Ni ma a ƙasa kika koya mini, bayan aure,
da tsinken tsintsiya, kika rufa mini asiri.
Littafinki na nan buɗe a Zabura,
ina bi a hankali, layi biyu kan ishe ni.

Allin na ajiye cikin gwangwanin shayi.
Maɓallin ne ya dame ni.
Gobe zan leƙa lakwal lokacin tashi
in duba wuyan riguna.