Tagogi Goma Sha Ɗaya

A Yelwa, bakin Kwara, inda ake jawo jirage tudu a yi musu faci,
nan Kawu Gado ke tsugunne da gwangwanayen fenti uku:
ja, shuɗi, da farin da rabinsa ya daskare.
Masu jirgi kunama suke so, ko damisa, ko "Allah Ya kiyaye".
Shi kuwa sakar masa katako ka je cin tuwo,
kafin ka dawo ya zana jirgin da bai san ruwa ba,
baki irin na giwan ruwa, wuta a wutsiya,
yana ratsa taurari kamar kaza a shanyar gero.

Daga gidan kallon Na'Allah abin ya samo asali.
Kaset uku, labari ɗaya, Turancin da ba mai ji,
benci shida, zufa, janareta mai tarin tsofaffi,
naira biyu a bakin ƙofa.
Na ukun nan, bidiyo ya tauna shi tun ban yi wayo ba,
daidai inda matuƙiya ta riƙe sitiyari,
duniyarsu ta ɓullo can nesa kamar ƙwayar dawa,
sai ƙiii,
sai yayyafin fari a fuskar talabijin,
sai Na'Allah ya ce a watse, gobe Indiya za a sa.

Shekara ashirin ana musu a teburin Jatau mai shayi.
Wata nawa ne a saman garin gishiri? Huɗu!
Ƙarya ne, ɗayan inuwa ce.
Wane hannu mutum-mutumin ya rasa?
Me kyaftin ya ci daren yaƙi? Har wannan an tambaya.
Wanda ya faɗi ya sayi shayi, da madara,
wanda ya ci a kira shi Farfesa har Juma'a.
Kawu bai taɓa faɗuwa ba sai a tambaya guda:
tagogin jirgin nawa ne?
Kowa ya ce tara. Shi ya ce sha ɗaya,
ya kwance lalita ya biya, bai janye ba.

Ƙarshen da kaset ya haɗiye, a jikin jirage yake.
A na Labaran sun sauka lafiya, an tarye su da fura.
A na Maikoma mai ya ƙare musu, suna tuƙi da filafili.
A wanda ke kai mata cin kasuwar Zamare
matuƙiya ta tuɓe hular ƙarfe, ga kitso shuku.

Bara na sayi waya ta shafawa, na nemo shi.
Na kalla ni kaɗai, data na zuba kamar tulu ya tsage.
Na tsayar da hoto, na bi da yatsa:
tara.
Kuma ba su isa gida ba.

Yanzu yanar ido ta sauka wa Kawu,
da tafin hannu yake gane jirgin da ya zana.
Ya ce, ɗan nan, an ce ka gani. Sun isa?
Na ce sai ka fara gaya mini biyun nan na wane ne.
Ya daɗe yana murza buroshi a gwiwa.
Ɗaya tawa ce, in ji shi,
wanda ya biya naira biyu sau ɗari ai ya sayi wurin zama.
Ɗayar ta Lantana ce. Mata ba sa shiga gidan kallo,
ni ke ba ta labari bayan isha'i,
har ta rasu tana tambaya yaya bayan wata yake.

Wani jirgi ya wuce da buhunan albasa, injinsa na haki.
Na ce sun isa, Kawu. An tarye su da fura.
Ya ce ƙarya kake yi.
Miƙo mini shuɗin.